Kafin Ka Ce Ka Buɗe Kamfanin Waƙa Naka na Kanka

  

Yau maganar mawaƙa za mu yi, musamman ku matasa masu tasowa. Kun lura da wani abu kuwa? Yanzu da yaro ya fitar da waƙa biyu, sai ka ga ya nemi wanda zai zana masa tambari, ya ƙara kalmar kamfani a bayan sunansa, ya rubuta a shafinsa cewa shi ne shugaba. Ni ban ga laifin buri ba, buri abu ne mai kyau. Tambayar ita ce, idan yau wani ya ɗauki waƙarka ya sa a tallar shinkafa, wa zai kira ya biya? A wane asusu kuɗin zai faɗa? Wace takarda za ka nuna cewa waƙar taka ce? Idan babu amsar waɗannan, to tambari kawai gare ka, kamfanin bai zo ba tukuna. Don haka yau za mu bi abin daki-daki, daga mene ne ma kamfanin waƙa, zuwa yadda ake kafa shi, zuwa ranar da kai ma za ka ɗauki wani yaro a ƙarƙashinka.

Mu fara da tushe. Kamfanin waƙa, wanda 'yan harka ke ce wa lebul, mai zuba jari ne. Shi ke biyan kuɗin situdiyo da na bidiyo da na talla, shi ke kai waƙa kasuwa, sannan ya riƙe mallakar abin da aka naɗa domin ya mayar da kuɗinsa ya ci riba. Idan ka ce za ka buɗe naka, ma'anarsa duk waɗannan ayyuka sun dawo wuyanka. Kai ne mai waƙa, kai ne mai jari, kuma in an faɗi kai ne za ka ɗauki asara.

To a nan akwai abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe, ko da shi kaɗai ya ɗauka daga shirin yau. Duk waƙar da ka ji a waya, dukiya biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato baitoci da karin da aka ɗora su a kai. Wannan ta wanda ya rubuta ce da wanda ya tsara karin. Ta biyu ita ce naɗin, wato wannan sautin da aka ɗauka a situdiyo ranar kaza, da muryar wane, da kiɗan wane. Ita ce ake kira masta. Mutum zai iya mallakar ta farko ba shi da ta biyu. Kowacce da hanyar da kuɗinta ke shigowa, kuma kowacce ana iya sayar da ita daban.

Bari in ba ku misali da abin da duniya ta gani. Taylor Swift, mawaƙiyar nan ta Amurka, tana yarinya ta sa hannu da wani kamfani mai suna Big Machine, ta yi kundi shida a ƙarƙashinsa. Mastocin duk na kamfanin ne. A 2019 aka sayar da kamfanin da mastocinta a ciki, ba da son ranta ba. Me ta yi? Da yake ita ke rubuta waƙoƙinta, tana da haƙƙi a kan dukiya ta farko, sai ta koma situdiyo ta sake rera huɗu daga cikin kundayen nan, ta ce wa masoyanta ga nata, su saurari waɗannan. Sai a watan Mayun 2025 ta sanar cewa ta sayi tsofaffin mastocin sun dawo hannunta. Ku duba fa, mace mai wannan ƙarfi da wannan dukiya, sai da ta shafe kusan shekara shida kafin ta karɓo abin da ta rera da bakinta. Ina ga ni da kai?

Ga wani misalin, shi kuma ta ɓangaren mai kamfani. Berry Gordy marubucin waƙa ne a birnin Ditiroyit, yana rubuta wa wasu suna yin suna, shi kuma abin da ke zuwa hannunsa bai taka kara ya karya ba. A 1959 ya ranci dala 800 daga asusun danginsa ya kafa kamfanin da ya zama Motown, inda su Stevie Wonder da Marvin Gaye da Diana Ross da su Michael Jackson suna yara suka fito. A 1988 ya sayar da Motown a kan dala miliyan 61. Amma bai haɗa da kamfaninsa mai riƙe da haƙƙin rubutun waƙoƙin ba, wanda ake kira Jobete. A 1997 ya sayar da rabin wannan kaɗai a kan dala miliyan 132. Rabi fa na ce. Kun ga ashe baitin da kake rubutawa a bayan littafin makaranta dukiya ce mai zaman kanta.

Mu dawo gida. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta, da zarar ka ƙirƙiri waƙa ka rubuta ta ko ka naɗe ta, haƙƙinka ya tabbata, ba sai ka yi rajista ba. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, tana da tsarin rajista na ganin dama, kuma yana da amfani domin hujja ce ranar rigima. Haƙƙin rubutu da kari yana nan tsawon rayuwarka da shekara 70 bayan rasuwarka. Na naɗi kuwa shekara 50 ne daga lokacin da aka fitar da shi. Sannan doka ta ce sayar da haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Amma ga inda gizo ke saƙa: shi naɗin, doka tana kallon wanda ya ɗauki nauyin shirya shi a matsayin mai shi, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Wato idan wani alhaji ko wani furodusan fim ne ya kama situdiyo ya biya komai, kai kuma ka zo ka rera ka karɓi na cefane ka tafi, kada ka yi mamaki ranar da ya ce sautin nasa ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Shekara da shekaru haka harkar waƙoƙin fim ta gudana a Kano. Mawaƙi ya yi waƙa, mai fim ya saya, a hau kanta a bidiyo, jarumi ya yi suna, da yawan masu kallo ma ba su san muryar wane ne ba. Zamanin kaset da faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su ke da hanyar kai kaya gari-gari, don haka su ke da ta cewa. Da wannan kasuwa ta faɗi, sai masu tura waƙa a waya suka karɓa, a cika maka memori da waƙa ɗari a kan kuɗi kaɗan, mawaƙin ko sisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa mawaƙinmu ya dogara da biki da waƙar siyasa da liƙi, domin su ne kuɗin da yake gani da idonsa. Abin da ya canza yanzu shi ne, daga ɗakinka a Gusau ko Maraɗi za ka iya sa waƙarka a gaban mai sauraro a Kumasi da Jidda ba tare da ka roƙi kowa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa maganar kamfani naka na kanka ta zama mai yiwuwa.

Kuma mun ga waɗanda suka yi a ƙasar nan. Olamide ya bar kamfanin ID Cabasa ya kafa YBNL a 2012, daga baya su Adekunle Gold da Fireboy da Asake suka fito ta hannunsa, kuma a 2020 ya ƙulla haɗin gwiwa da kamfanin EMPIRE na Amurka. Don Jazzy ya kafa Mavin a 2012 bayan rabuwarsu da D'banj, ya fito da su Rema da Ayra Starr, a 2024 kuma Universal, kamfanin waƙa mafi girma a duniya, ya sanar da sayen kaso mafi yawa a cikinsa. Ga Chocolate City, wanda ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Audu Maikori, lauya ne ɗan jihar Kaduna, kuma da yaran Jos irin su M.I da Jesse Jagz da Ice Prince ya yi suna. Ku lura da wannan, lauya ne. Abin da manyan kamfanonin waje suka zo nema a wajen waɗannan mutane shi ne rumbun waƙoƙi masu takardu, da tsarin da zai ci gaba da fitar da sababbi. Babu mai zuba miliyoyi a kan waƙar da mutum uku ke jayayya a kanta.

To yaya ake farawa? Abu na farko suna da rajista. A Nijeriya hukumar CAC ce ke yi wa kasuwanci rajista, kuma hanya biyu ce a gabanka. Akwai rajistar sunan kasuwanci, mai sauƙi da araha, amma a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne, bashinsa bashinka ne. Akwai kuma cikakken kamfani mai iyakantaccen alhaki, wanda doka ke kallonsa kamar wani mutum daban, yana iya mallakar waƙa, ya sa hannu a yarjejeniya, a kai shi ƙara shi ma ya kai. Tun dokar kamfanoni ta 2020, mutum ɗaya tak zai iya kafa irin wannan, ba sai ka nemo sunan ƙaninka ka cike gurbi ba. Idan kai kaɗai ne kana gwaji, sunan kasuwanci ya isa. Idan kana da niyyar ɗaukar wasu mawaƙa ko karɓar jarin wani, to yi cikakken. Kuma ka sani kowace shekara akwai bayanin da ake mayar wa hukumar, ba a yin rajista a kwanta.

Rajistar CAC ba ta kare maka sunan waƙarka fa. Wannan aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Kun tuna Kiss Daniel? Ya bar kamfanin G-Worldwide a ƙarshen 2017 ya kafa nasa, Flyboy, aka shiga kotu, kuma cikin abin da aka yi jayayya a kai har da sunan da duniya ta san shi da shi. A 2018 ya koma Kizz Daniel. Saboda haka kafin ka buga riguna da huluna, bincika ko wani na amfani da sunan, a Audiomack da YouTube da ko'ina, sannan ka yi masa rajista da sunanka ko na kamfaninka.

Na biyu, raba aljihu. Buɗe asusun banki da sunan kamfanin. Kuɗin biki ya shigo, a nan zai faɗa. Za a biya mai kiɗa, daga nan zai fita. Kai kuma ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka. Ka sami littafi, ko na naira ɗari biyu ne, ko a waya, kowace waƙa da shafinta: nawa aka kashe a situdiyo, nawa bidiyo, nawa talla, nawa ya dawo. Wallahi da yawanmu ba mu san ko waƙar da muke taƙama da ita ta mayar da kuɗinta ba. In ba ka san wannan ba, ta yaya za ka san wacce za ka ƙara zuba wa kuɗi?

Na uku, takarda tsakaninka da duk wanda ya sa hannu a waƙa. Na san abin da za ku ce, ai furodusan nan abokina ne, tare muka taso, in na kawo masa takarda zai ce ban yarda da shi ba. Ɗan'uwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Rubutu ba rashin yarda ba ne, kiyaye zumunci ne. Lokacin da waƙa ba ta kawo komai ba kowa mutumin kirki ne, rigimar sai ta fashe take zuwa. Abin da ake yi shi ne, a ranar da aka gama waƙa, kafin kowa ya bar situdiyo, a cike takardar rabo. Sunan waƙa, kwanan wata, wa ya rubuta, wa ya yi kari, wa ya yi kiɗa, wa ya yi amshi, kowa da kasonsa, kowa ya sa hannu. Shi mai kiɗa a fayyace: kuɗin da ka ba shi sayen kiɗan ne gaba ɗaya, ko kuwa yana da kaso a abin da zai shigo? 'Yar amshi ma haka, a rubuta an sallame ta ko tana da rabo. Kuma don Allah ku daina mantawa da sunayen mata masu amshi a jikin waƙa, rabin daɗin waƙoƙinmu muryarsu ce. Sannan ka karɓi fayilolin aikin daga situdiyo, murya daban, kiɗa daban, ka adana a wuri biyu. Kwamfutar situdiyo tana mutuwa, situdiyon ma yana rufewa.

Hattara kuma da kiɗan da ake saukewa kyauta a intanet. Yawancinsu an ba ka izinin gwaji ne kawai, ba na kasuwanci ba. Ranar da waƙar ta tashi, mai kiɗan zai fito daga wata ƙasa ya ɗora hannu a kan kuɗin, kuma da gaskiyarsa.

Na huɗu, rarrabawa. Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannunka, sai ta hanyar dillali. Akwai irin su DistroKid da TuneCore masu karɓar kuɗin shekara, akwai CD Baby mai karɓa sau ɗaya sannan ya riƙa cire kaso 9 cikin 100, akwai kuma irin su ONErpm da EMPIRE masu aiki da kaso, su kuma sukan zaɓi wanda za su ɗauka. Kowanne ka zaɓa, karanta abu biyu: me zai faru da waƙoƙinka idan ka daina biya, kuma ta wace hanya kuɗin zai iso Nijeriya ko Nijar. Dillalin zai ba kowane naɗi wata lamba mai harafi da alƙaluma 12 da ake kira ISRC. Ita ce kamar lambar katin ɗan ƙasa ta waƙarka. Rubuta ta a littafinka, domin ko ka canza dillali, da ita za a gane waƙar nan dai ita ce. Kuma kada ka ɗora waƙa yau ka ce gobe za ta fita. Spotify na so a gabatar da waƙa ga masu tsara jerin waƙoƙinsu aƙalla kwana 7 kafin fitarta, don haka ba wa kanka makonni.

Asusun dillalin nan, da tashar YouTube ɗinka, su kasance da imel ɗin kamfaninka da lambar wayarka. Wannan kuskure ya ci mutane da yawa. Mawaƙi ya ba wani yaro mai iya kwamfuta ya buɗe masa tasha, shekara uku ana tara mabiya, ranar da suka ɓata yaro ya canza lambar sirri. A wajen YouTube, mai imel shi ne mai tasha. Haka nan idan ba ka riga ka kai waƙarka ba, wani zai iya ɗaukarta daga WhatsApp ya kai wa nasa dillalin, tsarin YouTube mai gane sauti ya riƙa tura masa kuɗin, kai mai waƙa a ce kai ne ka yi sata. Ana iya ƙwatowa, amma da hujja, kuma hujjar ita ce takardun nan da fayilolin nan da muka ambata.

Yanzu maganar kuɗi, kuma a nan ba zan yi muku daɗin baki ba. Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, kuma ya ce a 2024 mawaƙan Nijeriya sun samu sama da naira biliyan 58 daga wajensa. Adadin yana da daɗin ji, amma ba raba shi aka yi daidai ba, kuma kaso mai yawa daga masu sauraro na ƙasashen waje ya fito. Yadda abin yake, ana tara kuɗin da aka samu a kowace ƙasa ne a raba gwargwadon yawan sauraro, don haka sauraro ɗaya daga Landan ya fi ɗaya daga Kano kawo kuɗi, tunda kuɗin rajistar wata a can ya fi tsada. Sannan tun 2024, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba, ba a biyanta komai a can. YouTube kuma, kafin ka fara samun kuɗin talla a dogayen bidiyo, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara. Mu kuma mun san mutanenmu, YouTube da TikTok da Audiomack suka fi shiga. Saboda haka kada ka jingina kamfaninka a kan ƙafa ɗaya. Biki da taro suna nan, waƙar talla tana nan, kiɗan kira na kamfanonin waya yana nan, ga ba masu fim hayar waƙa na wani lokaci maimakon sayar musu da ita ɗungurungum. Ka kuma yi rajista da ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal, irin MCSN, domin wannan kuɗin ɓangaren rubutu ne, dillalinka ba lallai ya karɓo maka shi ba.

Masu zuwa su ce kawo kuɗi mu ƙara maka masu sauraro dubu hamsin, ku guje su. Na'ura ce ke saurare, kuma manhajojin suna ganewa. Ana cire waƙa, ana cin tarar dillali, shi kuma ya rufe maka asusu. In kuma a Kano kake aiki, ka san akwai hukumar tace fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, kuma aikinta ya shafi mawaƙa. Je ka ji ƙa'idojinta da kunnenka kafin ka kashe kuɗin bidiyo.

To, mu zo kan wurin da ya fi nauyi. Ranar da abu ya fara kyau, yara za su fara zuwa, yaya ka ɗauke ni, oga ka taimaka min. A nan ne wanda ya gudu daga zalunci yake iya zama azzalumi ba tare da ya lura ba. Bari mu yi lissafi na misali, alƙaluman nawa ne don a gane. A ce ka kashe wa yaro naira miliyan 3, da kafin alƙalami da situdiyo da bidiyo da talla. Yarjejeniya ta ce yana da kaso 30 cikin 100, kuma daga kasonsa za a cire abin da aka kashe. Kafin kasonsa ya kai miliyan 3, sai waƙoƙin sun kawo miliyan 10. Wato miliyan 10 ta shigo, ka mayar da ukunka, ka ci ribar bakwai, shi ko kwabo bai gani ba bayan ɗan abin da ka ba shi da farko. Da yawan yarjejeniyoyin manyan kamfanoni haka suke, kuma shi ke kawo rigimar da kuke gani a kafafen sada zumunta. Ga ɗaya hanyar: miliyan 10 ta shigo, a fara cire ukun da aka kashe daga sama, bakwai ɗin da ta rage a raba biyu, kowa miliyan uku da rabi. Ka ci riba, shi ma ya ci, kuma gobe ba zai tsallake katanga ba.

Duk yarjejeniyar da za ka ba yaro, ta amsa waɗannan a fili. Shekara nawa ce, ko waƙa nawa? Masta na wa ne, kuma bayan shekara nawa zai koma hannun mawaƙin? Kuɗin biki da na talla, kamfani yana da kaso a ciki ko babu? Yaushe za a riƙa nuna masa lissafi, duk wata uku ko duk wata shida? Idan kamfani ya ajiye shi shekara guda bai fitar masa da komai ba, yana da damar tafiya? Sunansa kuma ka bar masa abinsa. A karanta masa da Hausa, ka ba shi kwafi ya tafi da shi gida ya kwana biyu, ya nuna wa wanda ya yarda da shi. Idan bai kai shekara 18 ba, sai da iyayensa ko waliyyinsa. Kuma ka nemi lauya, wanda ya san harkar haƙƙin mallaka. Kuɗin da za ka ba shi yau bai kai rabin na zaman kotu ɗaya ba. Shawarata ma ita ce, kada ka ɗauki kowa sai ka fitar da waƙoƙinka da kanka na tsawon shekara guda, ka ga yadda kuɗi ke fita da yadda yake dawowa. Wanda bai iya riƙe kansa ba, in ya ce zai goya wani, su biyun ne za su faɗi.

Kuma ba dole ne kowa ya buɗe kamfani ba. Wani baiwarsa waƙa ce kawai, lissafi ciwon kai yake sa masa. Irin wannan ya nemi amintaccen manaja, ko ku haɗu ku uku ku huɗu, wannan mai kiɗa, wannan mai kyamara, wannan mai iya kasuwa, ku yi kamfani ɗaya da rubutaccen kaso, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuma wani kamfani ya zo da tayi mai kyau, ba abin kunya ba ne ka karɓa. Sai dai wanda ya zo teburin da waƙoƙinsa a hannunsa da takardunsa, yana iya cewa haya zan ba ku ta shekara biyar. Wanda ya zo hannu rabbana kuwa, abin da aka ba shi zai karɓa.

Abu na ƙarshe, ku tuna da magada. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015, har yau ana jin su a mota da kasuwa da YouTube. Duk lokacin da ka ga waƙar wani tsohon mawaƙi a tashar da ba ka san mai ita ba, tambayi kanka ko iyalinsa na ganin wani abu. Su zamaninsu bai ba su damar da muke da ita ba. Kai doka ta ba iyalinka shekara 70 bayanka, amma sai in sun san inda abin yake. Don haka a sami mutum ɗaya a gida da ya san sunan dillalinka, da bankin kamfani, da inda takardu suke.

Ga aikin gida na wannan mako. Ɗauki biro ka jera duk waƙoƙin da ka taɓa fitarwa. A gaban kowacce rubuta wa ya biya situdiyo, wa ya yi kiɗa, fayil ɗin yana hannun wa, a tashar wa take. Duk inda ka ga gurbi, kira mutumin tun kuna shiri ku cike takarda. Masu tambaya kuma ku aiko, musamman waɗanda aka taɓa miƙa wa yarjejeniya ba su gane kanta ba, ku ɓoye sunaye ku turo mana abin da ya ɗaure muku kai, za mu duba a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya sa albarka a cikin sana'a, ya raba mu da cin haƙƙin wani. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.